Yadda Likitoci Ke Gano Cututtukan Cikin Ƙwaƙwalwa Ta Hanyar Hoto

Babu gaɓar da ta kai ƙwaƙwalwa ɓuya a jikin ɗan Adam. Likita yana iya danna ciki da hannu ya ji hanta ta kumbura, yana iya ɗora abin sauraro a ƙirji ya ji kukan huhu, amma ƙwaƙwalwa tana kulle cikin ƙoƙon kai, hannu ba ya kaiwa gare ta, kunne ba ya jin motsinta. Ga shi kuma cututtukan da ke kama ta kusan duk da fuska ɗaya suke zuwa: zazzaɓi, matsanancin ciwon kai, amai, ruɗewa, jijjiga, da dogon suma. Yaron da aka kawo asibiti a sume da zafin jiki yana iya kasancewa da sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko tarin fuka, ko maruru a cikin ƙwaƙwalwa, kuma kowanne da nasa maganin. Wanda zai ceci wannan ba zai tsinana wa wancan komai ba, lokacin da ake da shi kuwa sau tari awoyi ne kawai.

A nan ne hoton ƙwaƙwalwa ke shigowa. Sai dai ya kamata a fahimci iyakarsa tun daga farko. Na'urar hoto ba ta ganin ƙwayar cuta. Girman ƙwayar bakteriya kusan kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, alhali na'urorin asibiti ba sa rarrabe abin da ya gaza rabin milimita sosai. Abin da suke nunawa shi ne sawun da cutar ta bari: kumburi, mugunya, ruwan da ya taru, jijiyar jinin da ta toshe, da tabon da ya ƙanƙare. Aikin likitan hoto ya yi kama da na mai bin sawu a daji, wanda daga siffar sawun da wurin da ya same shi yake gane dabbar da ta wuce da kuma yaushe ta wuce.

Kafin a iya leƙa cikin kai

A shekarar 1895 Wilhelm Rontgen ya gano hasken eksire a ƙasar Jamus, hasken da ke ratsa nama ya nuna ƙashi. Wannan ya amfani masu karaya ƙwarai, amma ga ƙwaƙwalwa bai yi wani tasiri ba, domin ƙoƙon kai ne kaɗai ke fitowa a hoton. A 1918 da 1919 wani likitan tiyata a Amurka, Walter Dandy, ya ɓullo da dabarar zuƙe wani ɓangare na ruwan ƙwaƙwalwa a maye gurbinsa da iska, sannan a ɗauki eksire, saboda iska tana fitowa baƙa ta zana siffar ɗakunan ruwan da ke ciki. Dabarar ta yi aiki shekaru da dama, duk da azabar ciwon kai da aman da take jawo wa majinyaci. A 1927 Egas Moniz na ƙasar Fotugal ya fara ɗura rini a jijiyoyin wuya domin a ga jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, ta yadda idan wani curi ya ture su gefe za a gane yana nan.

Babban sauyi ya zo ranar 1 ga Oktoba, 1971, lokacin da aka ɗauki hoton kan wata mata a asibitin Atkinson Morley da ke Landan da na'urar CT ta farko, wadda injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera. A karon farko aka ga naman ƙwaƙwalwar mutum mai rai ba tare da an fasa kansa ba. Hounsfield da Allan Cormack sun sami lambar yabo ta Nobel a 1979. Na'urar MRI ta biyo baya daga aikin Paul Lauterbur da Peter Mansfield a shekarun 1970, su ma aka ba su Nobel a 2003.

Na'urori uku da aikin kowace

Na'urar CT hasken eksire take amfani da shi. Tana kewaya kai tana aunawa daga kusurwoyi masu yawa, kwamfuta kuma ta haɗa hoton yanka-yanka, kamar an yayyanka albasa ana duba kowane yanki. Ƙashi yana fitowa fari fat, iska baƙa ƙirin, ruwa mai duhu, sabon jinin da ya zuba kuma fari-fari. Falalarta sauri: cikin 'yan mintoci an gama, shi ya sa ita ce ta gaggawa. Ta fi kowace nuna ƙashi, da zubar jini, da tabon da ya ƙanƙare kamar tsakuwa. Rauninta shi ne ba ta cika ganin cuta a kwanakinta na farko ba.

MRI ba ta da hasken eksire. Maganaɗisu ne mai tsananin ƙarfi, galibi mai awon tesla 1.5 ko 3, tare da igiyar rediyo, kuma abin da take aunawa shi ne halin ruwan da ke cikin nama. Tunda kumburi ƙarin ruwa ne, tana ganinsa tun da wuri. Ana ɗaukar hoton da salo daban-daban. A salon T1 ruwa yana fitowa baƙi, a T2 yana fitowa fari. Salon FLAIR yana dushe ruwan ƙwaƙwalwa na asali domin kumburin da ke kusa da shi ya fito fili. Salon DWI kuwa yana auna yadda ruwa ke iya yawo cikin nama, don haka inda ruwa ya maƙale, kamar cikin mugunya mai kauri, sai wurin ya haska. Aikin yakan ci minti 20 zuwa 45, kuma dole majinyaci ya kwanta ba motsi.

Ta uku ita ce na'urar sikanin da aka saba yi wa masu juna biyu, wadda ke aiki da sauti. Sauti ba ya ratsa ƙashin babba, amma jariri yana da maɗiga, kuma ta wannan taga ake leƙa ƙwaƙwalwarsa har zuwa lokacin da za ta rufe, galibi kafin ya cika shekara biyu.

A CT da MRI sau da yawa akan yi allurar rini ta jijiya, mai sinadarin aidin a CT, mai gadoliniyam a MRI. Jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna da wani shinge da ke hana yawancin abubuwan da ke cikin jini tsallakawa. Inda cuta ta ɓarke wannan shinge, rinin yana yoyo ya haska wurin. Wato hasken rini alama ce ta ɓarakar shinge, kuma ƙwayar cuta da ciwon daji duk suna iya jawo ta.

Tambayar farko: a ina cutar take?

Ƙwaƙwalwa tana lulluɓe da tantani uku, tana kuma shawagi cikin wani ruwa garai-garai da ake samarwa a ɗakunan da ke tsakiyarta, ya zagaye ta, ya gangara ya zagaye laka. Cuta tana iya kama tantanin, shi ne sanƙarau. Tana iya bazuwa cikin naman ƙwaƙwalwar kansa. Tana iya taruwa wuri guda ta zama maruru. Mugunya tana iya kwanciya tsakanin tantani da ƙashi, ko ta shiga ɗakunan ruwa. Kowane wuri da irin ƙwayoyin da suka fi son sa, don haka da zarar an san wurin, jerin waɗanda ake zargi ya ragu.

Sanƙarau

Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna tsakiyar yankin da ake kira zirin sanƙarau na Afirka, wanda ya tashi daga Senegal zuwa Habasha ya ratsa ƙasashe 26, inda cutar ke ɓarkewa da rani, tsakanin Disamba da Yuni. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutane fiye da 250,000 a yankin, ta kashe kimanin 25,000. A cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin mutum shida da sanƙarau na bakteriya ya kama, kusan ɗaya yakan mutu, kuma ɗaya cikin biyar yakan kasance da wata mummunar illa.

Duk da haka, ba da hoto ake tabbatar da sanƙarau ba. Ana ɗibar ruwan laka ne da allura ta gadon baya a kai ɗakin gwaji. A kwanakin farko hoton mai sanƙarau yakan fito lafiya lau, saboda haka kyakkyawan hoto ba ya wanke majinyaci daga zargi.

Amfanin hoto a nan iri biyu ne. Na farko, kafin ɗibar ruwan. Idan akwai curi ko kumburin da ya ture ƙwaƙwalwa gefe, rage ruwa daga ƙasa yana iya sa ta zurma ta ƙofar da ke gindin ƙoƙon kai, ta danne cibiyar numfashi. Shi ya sa akan fara yin CT ga wanda ya yi dogon suma, ko ɓarin jikinsa ya mutu, ko ya yi sabuwar jijjiga, ko garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai, ko aka duba cikin idonsa aka ga alamar matsi a kai. Ƙa'idar da likitoci suka haɗu a kanta ita ce ba a jinkirta allurar maganin kashe ƙwayoyin cuta don jiran hoto. A fara magani, hoto ya biyo baya.

Na biyu, idan majinyaci ya ƙi samun sauƙi. Yaron da zazzaɓinsa ya ƙi sauka bayan kwanaki ana magani, ko kansa ya fara girma, ko jijjiga ta dawo, hoto zai iya nuna dalili: ruwa ya taru a ɗakunan ƙwaƙwalwa, ko mugunya ta kwanta ƙarƙashin tantani, ko jijiyar jini ta toshe. Wasu daga cikin waɗannan sai an yi tiyata. Haka nan wanda sanƙarau ya kurmantar, akan duba cikin kunnensa da wuri, domin dodon kunne na ciki yana iya fara cikewa da ƙashi cikin makonni, abin da ke wahalar da dasa na'urar ji daga baya.

Tarin fuka a ƙwaƙwalwa

Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, kuma ƙwayar cutar ba a huhu kaɗai take tsayawa ba. Idan ta kai ƙwaƙwalwa takan zo a hankali: makonni na ciwon kai, rama, zazzaɓin dare da sauyin hali, kafin suma. Ganin ƙwayar a ruwan laka yana da wuya, shi ya sa hoto ke da nauyi a nan fiye da a sanƙarau na yau da kullum.

Alamomi uku ake nema. Na ɗaya, wani kauri mai danƙo da ke kwanciya a gindin ƙwaƙwalwa, wanda ke haskawa sosai bayan allurar rini. Na biyu, taruwar ruwa a ɗakunan ƙwaƙwalwa, domin wannan kaurin yana toshe magudanar, kuma an fi ganin haka a yara. Na uku, ƙananan wuraren da suka mutu can tsakiyar ƙwaƙwalwa, saboda siraran jijiyoyin da ke ratsa kaurin sun kumbura sun toshe. Haɗuwar ukun a majinyacin da ya daɗe yana ciwo hujja ce mai ƙarfi ta fara magani, wanda yakan ɗauki wata tara zuwa shekara guda. Cutar takan kuma yi curi-curi masu kama da ƙari. Wani abin da ke ruɗa iyalai shi ne curin yana iya ƙara girma a hoto bayan an fara magani, saboda garkuwar jiki ta farfaɗo ta shiga yaƙi. Wannan shi kaɗai ba ya nufin maganin ya gaza.

Maruru a cikin ƙwaƙwalwa

Mugunya tana taruwa a ƙwaƙwalwa kamar yadda take taruwa a fata, kuma wurin da ta taru yakan tona asirin inda ta fito. Daɗaɗɗen ciwon kunne mai zubar da ruwa yakan kai cutar sashen ƙwaƙwalwa da ke daura da kunne, ko ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya. Ciwon kogon iskar da ke cikin ƙashin goshi yakan kai ta sashen gaba. Idan kuwa ta jini ta zo, daga huhu, ko haƙori, ko zuciyar da ke da lahani, sau da yawa maruran sukan fi ɗaya, a warwatse.

Marurun yana da matakai, kuma hoton yana canzawa da su. A kwana uku na farko kumburi ne kawai marar iyaka. Daga kwana na huɗu zuwa na tara tsakiyar wurin takan fara narkewa. Daga wajen kwana na goma jiki yakan fara gina masa bango, bayan mako biyu bangon ya yi ƙwari. A wannan mataki, idan aka yi allurar rini, bangon yana haskawa kamar zobe, siriri mai santsi, da duhu a tsakiya da kumburi kewaye da shi. Gefen zoben da ke fuskantar ɗakunan ruwa yakan fi siranta, kuma ta nan marurun ke iya fashewa ciki, abin da ke da matuƙar haɗari.

Matsalar ita ce ciwon daji da tsakiyarsa ta ruɓe shi ma zobe yake yi. Salon DWI ne ya fi raba gardama: mugunya mai kauri tana haskawa, ruɓaɓɓen ruwan ƙari kuwa galibi ba ya yi. Hoto ne kuma ke jagorantar likitan tiyata inda zai huda ƙashi ya zuƙe mugunyar, abin da akan yi idan faɗin marurun ya wuce santimita biyu da rabi. Wani babban nazari da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa cikin shekara hamsin mace-macen wannan cuta sun sauko daga kashi 40 cikin 100 zuwa kashi 10, kuma zuwan CT da MRI na cikin manyan dalilan.

Bairos da ke cin naman ƙwaƙwalwa

Bairos ɗin hafis, wanda ke fitar da ƙuraje a gefen baki bayan zazzaɓi, jefi-jefi yakan shiga ƙwaƙwalwa. Majinyaci yakan zo da zazzaɓi, mantuwa, maganganu marasa kan gado da sauyin hali, har a ɗauka taɓin hankali ne ko shafar aljanu. Idan ba a yi magani ba, kusan kashi 70 cikin 100 sukan mutu. Sawunsa a MRI sananne ne: kumburi a ɓangaren ciki na sashen da ke daura da kunne da ƙarƙashin sashen goshi, sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya, yana tsayawa cak a bakin curin tsakiyar ƙwaƙwalwa bai shiga ba. CT kuwa takan fito ba komai a kwanakin farko. Ana tabbatarwa da gwajin ruwan laka, amma akan fara allurar asaikulobiya da zarar an yi zargi, a ci gaba har kwana 14 zuwa 21.

Masu raunin garkuwar jiki

Ga mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki wanda ba ya shan magani, ko ya daina, jerin abubuwan zargi yakan canza. Idan ƙwayoyin garkuwa na CD4 suka sauka ƙasa da 100, cutar tokzo, wadda ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, takan farka. Hotonta zobba ne da yawa a tsakiyar ƙwaƙwalwa da kusa da ɓawonta, wani lokaci da ɗigo manne a gefen zoben ta ciki. Wani nau'in ciwon daji na ƙwayoyin garkuwa yana kama da ita ƙwarai. Dabarar da aka saba ita ce a ba da maganin tokzo na mako biyu a sake hoto. Idan zobban sun ragu, an sami amsa. Idan ba su ragu ba, sai a nemi ɗan yankin naman a gwada.

Akwai kuma wata fumfuna, kiriftokokas, da ake samu a ƙasa da kashin tattabaru. Takan cika ƙananan ramukan da ke bin jijiyoyin jini da wani abu mai yauƙi, hoton ya yi kama da kumfar sabulu, amma sau tari ba a ganin komai, sai gwajin jini ko na ruwan laka ya kama ta. Masu ciwon suga da ya yi tsanani su kuma suna fuskantar wata fumfunar da ke farawa a hanci, ta ci ƙashi, ta shiga kwarmin ido da ƙwaƙwalwa. Ita ce ta addabi Indiya a 2021 lokacin annobar korona, kuma hoto ne ke nuna wa likitan tiyata iyakar inda ta kai.

Tsila da zazzaɓin cizon sauro

Ƙwan tsilar alade, idan mutum ya haɗiye shi, yakan ƙyanƙyashe, 'ya'yan su bi jini su sauka a ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a yankunan da cutar ta yi katutu, ita ce sanadin kusan kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya. Wannan na cikin wurare ƙalilan da ake ganin mai laifin da kansa: ɗan ƙunshin ruwa da ɗigo a ciki, ɗigon kuwa kan tsutsar ne. Idan ta fara mutuwa sai wurin ya kumbura ya yi zobe, daga baya ya motse, a ƙarshe ya ƙanƙare ya zama farin ɗigo da CT ta fi gani. Matakin ne ke yanke hukunci, domin maganin tsutsa ba shi da amfani ga wadda ta riga ta ƙanƙare. Rashin cin naman alade ba ya isa kariya, saboda ƙwan daga bayan gidan mai ɗauke da tsilar yake fitowa, ya bi hannu, ko ruwa, ko ganye. A 1992 an ba da rahoton cutar a wasu iyalan Yahudawa a birnin New York da ba sa cin alade ko kaɗan, aka kuma danganta ta da masu aikin gida da suka fito daga ƙasashen da tsilar ta yawaita.

Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, wanda ke kashe yara da dama a Najeriya da Nijar, da gwajin jini da duba majinyaci ake gane shi, kuma allurar atesunet ba ta jiran hoto. Amma MRI ce ta bayyana yadda yake kisa. A asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre a Malawi, an ɗauki hoton yara 168 masu wannan cuta, aka wallafa sakamakon a 2015. Yara 25 sun rasu, kuma 21 daga cikinsu, wato kashi 84 cikin 100, ƙwaƙwalwarsu ta yi mummunan kumburi, alhali cikin waɗanda suka rayu kashi 27 ne kawai ke da irin wannan kumburin. Kumburin ne ke danne cibiyar numfashi har yaron ya daina numfashi.

Jarirai

Cutar da ta kama uwa tana da ciki tana iya barin tabo a ƙwaƙwalwar jariri, kuma wurin tabon yana nuna mai shi. Bairos ɗin CMV yakan jera ƙanƙararrun ɗigo a gefen ɗakunan ruwa. Tokzo takan warwatsa su, tare da taruwar ruwa. Bairos ɗin Zika, wanda ya ɓarke a Birazil a 2015, yakan bar su a ƙarƙashin ɓawon ƙwaƙwalwa, jaririn ya zo da ƙaramin kai. Bayan haihuwa kuma, cutar da ta kama jariri a makonninsa na farko tana iya toshe magudanar ruwa, kansa ya yi ta girma. Binciken likita Benjamin Warf a garin Mbale na Yuganda ya nuna cewa fiye da rabin jariran da aka kawo da wannan matsala, cutar ƙwayoyi ce ta jawo musu. Sikanin ta maɗiga yana gano taruwar ruwan cikin 'yan mintoci, ba hasken eksire, ba maganin barci, kuma na'urarsa tana samuwa a asibitoci da yawa.

Abin da majinyaci da danginsa ya kamata su sani

Hasken da CT ɗin kai guda ɗaya ke bayarwa kimanin milisibat 2 ne, wato bai kai abin da mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin shekara guda ba. Ga mai ciwo mai tsanani amfanin ya fi haɗarin nesa ba kusa ba, sai dai ana kauce wa maimaita shi ba dalili, musamman ga yara. Mai juna biyu, da mai ciwon ƙoda, da wanda jikinsa ya taɓa ƙin rinin hoto, su faɗa kafin a yi allura.

Maganaɗisun MRI a kunne yake dare da rana. Yana fizgo ƙarfe da ƙarfin gaske, don haka ba a shiga da makulli, waya, tsabar kuɗi, ɗan kunne, ko laya mai ƙarfe a ciki. Wanda ke da na'urar bugun zuciya, ko ƙarfen tiyata, ko harsashi ko ɓarɓashin ƙarfe a jiki, musamman maƙera da masu walda da ƙarfe ya taɓa faɗa wa ido, dole ya sanar. Na'urar tana da ƙara sosai, kuma ƙananan yara sukan buƙaci maganin barci.

Labarin ciwon yana da nauyi daidai da hoton. Zobe ɗaya a ƙwaƙwalwa yana iya zama maruru, ko tarin fuka, ko tsila, ko tokzo, ko ciwon daji. Abin da ke karkata hukunci shi ne bayanin da dangi suka bayar: kwana nawa aka yi ana ciwon, ko kunne yana zubar da ruwa, ko akwai mai tari a gida, ko majinyacin ya daina shan maganin garkuwar jiki, da irin magungunan da aka riga aka sha. Ɓoye irin wannan bayani don kunya yana iya sa a bi sawun da ba shi ba. Tsofaffin hotuna ma a riƙa zuwa da su, domin kwatanta na jiya da na yau yakan faɗi abin da hoto ɗaya ba zai faɗa ba.

A yankinmu na'urorin CT da MRI sun fi yawa a asibitocin koyarwa da cibiyoyi masu zaman kansu na manyan birane, kuɗinsu yana da nauyi, suna kuma buƙatar tsayayyar wutar lantarki da masu gyara. Aika hoto ta intanet ga ƙwararren da ke wani gari ya fara rage matsalar ƙarancin masu karantawa, an kuma ƙera ƙananan na'urorin MRI masu ƙaramin maganaɗisu da ake turawa har bakin gado. Kafin su wadata, mafi yawan waɗannan cututtuka ana iya tare su tun daga ƙofa: allurar BCG ga jarirai, rigakafin sanƙarau wanda Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara ba da sabon nau'insa mai kariya daga iri biyar a 2024, gidan sauro, wanke hannu, da kula da ciwon kunne tun bai daɗe ba. Zazzaɓin da ya zo da sanƙarewar wuya, ko ruɗewa, ko jijjiga, ko mutuwar ɓarin jiki, na asibiti ne a ranar da ya fara, ko da asibitin ba shi da na'urar hoto.